Haɓon Malam Iliyasu

Kwana tara Malam Iliyasu ya yi yana haɓo kafin wani ya ga ya kamata a gaya wa 'yarsa Naja'atu. Haka mutanen gidan suke. Sai da aka sha jiƙo, aka yi hayaƙi, aka je wurin mai kemis har sau biyu, sannan aka tuna akwai 'ya mai koyarwa a Makarfi. Ranar Alhamis da hantsi mahaifiyarta, Inna Indo, ta ari wayar maƙwabta ta kira ta. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ki zo ki ga babanki." Inna ba ta taɓa yanke gaisuwa a tsakiya ba. Naja'atu ta ajiye alli, ta nemi izini, ta hau mashin ɗin haya zuwa ƙauyensu da ke bayan Gazara.

Bayoloji take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma a cikin darasin ma ba abin da ya kwanta mata a rai kamar halittun da ba su da ƙashin baya. Tana da wani kwali da ta zana bishiya a kai. A gindi ta sa soson teku, wanda ba baki ba ciki, ruwa kawai yake tacewa ya rayu. Sama kaɗan akwai masu jiki lagwai-lagwai da ke harbi in an taɓa su, su ma na teku. Daga nan sai bishiyar ta yi rassa. Reshe ɗaya na masu saɓa ne, waɗanda sai sun tuɓe tsohon ɓawo suke girma: fara, kunama, gizo-gizo, kaska, ƙaguwa, shanshani, har da doguwar tsutsar cikin nan mai santsi. Ɗayan kuma na masu taushin jiki ne da ba sa saɓa, irin su tana da danginta, da dodon koɗi, da tsutsa mai faɗi da ke kawo tsargiya. Can gefe ta sa tauraron teku, wanda littafi ya ce ya fi kusa da masu ƙashin baya a kan kusancinsa da fara. Naja'atu ba ta taɓa ganin teku ba, amma in tana bayani sai ka rantse a bakinsa aka yanke mata cibi.

Wani hutu da ta kawo kwalin gida, yayanta Bilya ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi feshi yake yi wa mutane a gonakin wake da barkono, don haka yana ganin ba wanda zai gaya masa labarin ƙwari. "Wato kunama da ƙaguwa 'yan'uwa ne?" in ji shi. "Wa ya ɗaura auren iyayensu?" Ta ce kakansu ɗaya tun can da daɗewa, shi ya sa duk suke da ɓawo da ƙafafu masu gaɓoɓi. Ya ce to a gaishe da kakan. Tun daga ranar yake kiranta malamar tsutsa, har sunan ya kusa binta.

Da ta shiga gida ba ta sami mai tsokana ba. Baba na zaune a rumfa ya jingina da bango, da tsumma a hanci. Mutumin da ke ɗaukar damin rake shi kaɗai ya ɗora a kan amalanke, yau ga shi wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da wata murya ta cikin hanci. Ta kama hannunsa ta juya, sai ta ga tafin ya yi fari fat. Jinin ba zuba yake yi ba, ɗiga yake, ɗis, ɗis, daga kafar hancin hagu kaɗai. Amma ba ya tsayawa, ko da rana ko da dare. A bayan ɗaki Inna ta shanya tsummokara sun fi goma.

"Naja," in ji Baba, "wani abu yana motsi a ciki."

"Jinin ne, Baba, in ya daskare haka ake ji."

"Na san jini. Wannan tafiya yake yi."

Ta dube shi da tausayi irin na wanda ya yi karatu, tausayin da ba ya sauraro. Ta ce hawan jini ne, gobe da sassafe Yaya Bilya zai ɗauke su a mashin zuwa asibiti a Makarfi. Inna ta ja ta gefe ta raɗa mata cewa ita dai tana ganin hannu aka sa masa. Naja'atu ta ce a bar wannan maganar. Tana da tabbacin abin da ta faɗa, har ta ci tuwo ta ƙoshi.

Bayan la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ruwa ya kece, bai ɗauke ba sai da asuba. Gari na wayewa Bilya ya fita duba hanya, ya dawo wandonsa jiƙe har cinya. Rafin da ke tsakaninsu da Gazara ya cika ya haye kwalbati, ja wur, yana jan itatuwa. Ko masu shanu sun tsaya a wancan gefen suna kallo. Ba wata hanyar sai wannan. Ya ce in an yi sa'a ya janye gobe, in kuma an ƙara ruwa sai jibi.

Naja'atu ta ɗebo ruwa a kwano don ta wanke wa Baba fuska. Ta cire tsumman, ta jiƙa hannu ta shafa masa a hanci, ta sake jiƙawa ta shafa. A karo na uku ne ta gani. Wani abu baƙi ya leƙo daga kafar hancin, siriri, yana sheƙi. Ya miƙe ya kai tsawon gaɓar yatsa, ya karkata dama, ya karkata hagu, kamar makaho na laluben ƙofa. Kwanon ya suɓuce mata ya ƙwanƙwasa ƙasa, abin ya koma ciki sulum.

Inna da ke tsaye a bayanta ta ƙwalla salati. Bilya ma ya gani. Tsigar jikin Naja'atu ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya, kuma abin da ya fi tsoron ciwo shi ne kunya, don jiya-jiyan nan ta ce wa tsohon jini ne. Baba bai ce na gaya miki ba. Ido kawai ya rufe.

"Tsutsar ciki ce," in ji Inna. "Na taɓa ganin ta fito wa yarinya ta hanci. A nemo maganin tsutsa."

Bilya bai tsaya magana ba. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wata 'yar kwalba da sirinji marar allura. Warin ne ya riga shi isowa. Fiya-fiya ce, wadda yake zuba wa buhunan wake da lungun gado.

"Ɗigo biyu," ya ce. "Ba ƙwaron da ya taɓa shan wannan ya kwana."

"Yaya, a hancin Baba?"

"To a ina? A nan yake."

"Hancin da ke da ciwo a buɗe? Kafin ya kashe shi ya shiga jinin Baba."

"Ke kuma me kika kawo? Jiya kin ce hawan jini."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta ce ya ba ta minti biyar kawai. Ta zauna a bakin turmi ta rufe fuska da hannu biyu, ba don kuka ba, don ta sake ganin abin a idon zuciyarta. Ta bi bishiyarta reshe-reshe kamar yadda take sa 'yan aji su bi. Ba shi da ƙafa, ba shi da ɓawo, to ba dangin fara ba ne, ba dangin kaska ba. Tsutsar ƙuda fara ce, gajera, kuma da ita ce da wari ya cika rumfar. Tsutsar cikin da Inna ke faɗa ita ma fara ce, jikinta a ɗaure yake kamar igiya, lanƙwasa kawai take yi, ba ta iya tsawo ta koma gajera. Wannan kuwa ta ga ya zama zare, ta kuma ga ya tattare ya yi kauri sa'ad da zai koma. Kuma a jikinsa akwai zobba-zobba, ƙanana, a jere. Masu zobba a jiki reshe ɗaya ne. Dangin tana ne. A cikin dangin tana kuwa, mai shan jini ɗaya ta sani.

Ta tashi ta durƙusa gaban Baba. "Baba, kafin haɓon ya fara, a ina ka yi alwala?"

Ya ce ranar da suka yi huɗar rake a fadama, azahar ta same su a can, buta kuma ba ruwa. Sai ya gangara kududdufin da ke bayan gonar, inda shanun maƙwabcinsu Lado ke sha. Ya kamfata da hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa sau uku kamar kullum.

"Matsattsaku ne," in ji Naja'atu.

Inna ta dafe ƙirji. Kowa a ƙauyen ya san matsattsaku a ƙafa, in an shiga ruwa ya manne, a barbaɗa masa gishiri ya faɗi. Ba wanda ya taɓa tunaninsa a cikin kan mutum. Naja'atu ta ce yana ƙarami ya shiga, bai fi silin gashi ba, shi ya sa Baba bai ji ba. Kwana goma ke nan yana sha yana girma. Yawunsa ne ke hana jinin daskarewa, don haka allurar da mai kemis ya yi masa ba ta yi komai ba.

"To an san shi," in ji Bilya. "Gishiri ke nan. Ko wannan."

"Ko ɗaya, Yaya. Wannan maganin don masu ƙafa shida aka yi shi, ban san me zai yi wa matsattsaku ba, amma na san me zai yi wa mutum. Gishiri kuma in ya ji zafinsa ba waje zai gudo ba, ciki zai gudu. Bayan hanci maƙogwaro ne. Yanzu ya kai kaurin yatsa. In ya faɗa hanyar numfashi, ga rafi a cike, me za mu yi?"

Bilya ya ce to a sa hantsaki a jawo shi. Ta ce santsi gare shi, kuma yana da mamanni gaba da baya, in aka ja da ƙarfi sai dai a tsinka shi ko a yage naman Baba.

"Komai a'a, komai a'a!" Bilya ya ɗaga murya, abin da ba ya yi a gaban iyayensa. "Mu zauna muna kallo har jininsa ya ƙare?"

Ta gaya musu abin da take tunani, tana faɗa tana jin yadda maganar ba ta da ƙarfi. Matsattsaku da tana duk da fata suke numfashi, kuma sai fatar na da laima. Shi ya sa tana ke fitowa in an yi ruwa, ta mutu in rana ta same ta a fili. Ɗazu ma ruwan wankin fuska ne ya jawo shi. In aka hana hancin ruwa na wasu awoyi, sannan aka kawo ruwa daf da shi, zai fito da kansa.

"A littafi kika gani?" in ji Bilya.

"Rabi a littafi. Rabi yanzu na haɗa."

Bilya ya yi wata dariya marar daɗi. Ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Baba ne ya ɗaga hannu a hankali. "A bar ta ta gwada," ya ce.

"Zuwa la'asar," in ji Bilya. Ya ajiye kwalbar a kan katanga inda kowa zai riƙa ganinta.

Ta zaunar da Baba a kujerar tsakar gida, inda rana ke ɗan bugu, ta ce ya sunkuyar da kai gaba, ya yi numfashi ta baki. Ta hana a kusanto fuskarsa da ko jiƙaƙƙen tsumma. Sannan ta ɗauki bokiti ta nufi fadama, don tana ganin ruwan da ya fito ciki zai fi jawo shi a kan na rijiya.

Kududdufin ya cika ya batse, raken da ke gefensa ya kwanta saboda iskar jiya. Wata ƙaguwa ta ruga ta shige rami. Dodon koɗi sun manne a jikin ciyawa birjik. Kullum in ta ga irin waɗannan takan tsaya ta ɗauka ta juya su, yau ko kallo na biyu ba ta yi musu ba. Ta sa kara ta motsa ruwan bakin gaɓa, ta jira. Ba a daɗe ba suka fara tasowa daga laka, sirara, baƙaƙe, suna iyo suna lanƙwasa kamar zaren da iska ke kaɗawa. Ta ƙirga bakwai ta daina. Duk wajen karan suka nufo. Ta ja da baya har ta kusa zamewa. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure bakin bokitin, ta tace ruwan sau biyu, ta dawo gida da sauri kamar ana binta.

Da azahar ta yi Baba ya nemi buta. Ta ce ya yi haƙuri ya yi taimama.

"Ruwa ya cika gari har ya hana mu fita, ni kuma in yi taimama?"

"Marar lafiya ne kai, Baba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dafa bango da tafukansa. A zaune ya yi sallar. Leɓensa ya bushe ya tsage, ya ce kansa na juyawa. Sau biyu ya yi tari ya tofar da gudan jini, kowane tari kuma sai Naja'atu ta zaci abin ya riga ya faɗa. Ta yi ta tambayar kanta ko ba kashe shi take yi a hankali ba, da ƙishi da rana, a kan wani zane da ta yi a kwali.

Da inuwar katanga ta fara tsawo ta zuba ruwan a ƙwarya har baki. Ta sa Inna ta riƙe kan Baba ta baya, ta ce ko me za ta gani kada ta yi motsi, kada ta yi salati da ƙarfi. Ta ajiye busasshen ƙyalle da ɗan gishiri a murfin kwano kusa da gwiwarta. Ta ɗaga ƙwaryar har ruwan ya taɓa kan hancinsa.

Ba abin da ya faru. Jini ya ɗiga ya bazu a ruwan, wani ya sake ɗiga. Hannuwanta suka fara sagewa. Kaza ta zo ta wuce. Bilya na tsaye a jikin katanga ya harɗe hannu, ba ta dube shi ba amma tana jin idonsa a wuyanta.

Sai ga shi. Bakin siririn ya fara leƙowa, ya taɓa ruwan, ya ja baya, ya sake taɓawa. Ya miƙo ya kai gaɓa ɗaya. Ta san ya kamata ta jira. Ta sani sarai. Amma tsoron kada ya koma ya fi ƙarfinta, ta saki ƙwaryar da hannu ɗaya ta kai masa cafka da yatsu tsirara. Ta ji shi a tsakanin yatsunta, sanyi, santsi, sai ya zame.

Baba ya zabura ya ɗaga kai sama. Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaronsa, irin na ragon da aka danne. Ya kama wuya da hannu biyu, idanunsa suka firfito, jini ya biyo gefen bakinsa. Inna ta saki kansa ta fasa kuka.

"Sunkuya, Baba! Sunkuya!" Naja'atu ta danna ƙeyarsa ƙasa tana buga bayansa. Ya yi tari, ya sake yi, ya ja numfashi da ƙyar da wata ƙara kamar ana zuƙe ruwa a ƙasan randa. Sai da ya ja na uku sannan ƙirjinsa ya fara hawa da sauka daidai. Jini ne ya shaƙe shi, abin bai faɗa ba tukuna. Amma ta san ya ja can baya, kuma ita ta kora shi.

Ta ji ƙarar buɗe kwalba. Bilya ya riga ya zuƙo a sirinji, ya iso kansu.

"Matsa."

"Yaya, don Allah."

"Kin gwada. Saura kaɗan ki kashe shi a gabanmu. Matsa, Naja'atu."

Ita kanta ta daina yarda da kanta. Hawaye ya zubo mata. Ba ta matsa ba dai, ta tsaya a durƙushe tsakaninsa da Baba, tana jiran ya ture ta. Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ta ce, "Kai wannan, ka ji tsoron Allah." Bai ko juya ba.

Hannun Baba ne ya lalubo ƙwaryar da ke kife a ƙasa. Ya ɗauka ya miƙa wa Naja'atu. Ba shi da muryar magana. Da ya miƙa sai ya sunkuyar da kai kamar ɗazu, ya buɗe baki, ya jira. Bilya ya tsaya da sirinji a hannu, ya rasa yadda zai yi da uban da ya riga ya zaɓa.

Ta sake cika ƙwaryar. Wannan karon ta ɗora ta a kan turmi da ta kifa, don hannuwanta duka su zama a sake. Ta naɗe ƙyallen a yatsu. Ta tuna wa kanta abu ɗaya: siririn gefen shi ne kai, a nan bakin yake. In kan ya fito, to ya saki cizo, da mamannin baya kaɗai yake riƙe. In ya fito da yawa, ba shi da sauran jikin da zai ja.

An daɗe fiye da na farko. Ladan ya kira la'asar a masallacin unguwa, ya gama, ba wanda ya motsa. Ƙafafunta suka mutu. Baba ya fara lilo kamar zai kife, Inna ta tallafe shi da ƙirjinta. Naja'atu na karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ma ba ta wurin ba ce.

Ya leƙo. Ta bar shi. Ya taɓa ruwa, ya shiga, ya yi tsawon gaɓa ɗaya, ta bar shi. Gaɓa biyu. Jikin da ke biyo baya ya fara kauri, ya cika kafar hancin, yana fitowa zobe bayan zobe, baƙi da ratsin ja a gefe. Baba ya yi wani nishi. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini, ta bar shi. Sai da ya kai tsawon yatsarta ta tsakiya yana lilo a cikin ruwan, sannan ta kama shi da ƙyallen daf da hancin, ta matse.

Ƙarfin da ya ja da shi ya ba ta tsoro. Ya tattare ya zama dunƙule a cikin yatsunta, yana neman komawa. Ba ta ja ba, ba ta kuma saki ba. Da ɗaya hannun ta dangwalo gishiri ta shafa a jikin da ke waje. Ya murɗe, ya nannaɗe mata yatsa, ya yi ta murɗawa. Can sai ta ji riƙon ya sake, kamar an cire murfin kwalba. Ya faɗo a tafinta gaba ɗayansa.

Ta jefa shi a murfin gishirin. Ya kai kaurin babban yatsa. Ya yi ta birgima yana aman jinin Baba, har gishirin ya zama ja.

Jini ya ɓalle daga hancin fiye da da. Inna ta sake rikicewa, amma Naja'atu ta ce haka zai yi, sai yawun ya wanke. Ta matse hancin da ƙyalle mai tsabta, ta sa Inna ta riƙa ba shi kunu da cokali ta gefen baki. Ta riƙe har hannunta ya ƙage, ta canja hannu, ta sake canjawa. Da ta ɗaga ƙyallen a karo na huɗu, ɗigon ya ragu. Baba ya ja iska ta hancin hagu, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi. Iskar ta wuce.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Muryarsa ce ta da, ko da yake ba ƙarfi.

Sai a lokacin jikinta ya saki. Ta zauna daɓas a ƙasa, rawa ta kama ta tun daga haƙora har gwiwoyi. Ta ce ko rafi ya janye ko bai janye ba, gobe sai an kai shi asibiti a duba jininsa. Ta ce kuma a gaya wa mai unguwa a hana mutane alwala a kududdufin nan. Da ta faɗi haka sai wani tunani ya zo mata.

"Baba, ranar nan kai kaɗai ka gangara?"

Baba ya ɗaga ido ya dubi bayanta.

Ta juya. Bilya na tsaye inda ta bar shi, ya ajiye sirinjin. Ya sa hannu a aljihun wando ya zaro wani ƙyalle a dunƙule, ya buɗe. Duk jini ne a jiki, rabinsa ya bushe ya yi baƙi, rabinsa ɗanye ne.

"Kwana huɗu ke nan," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "A gona nake sharewa. Na ce in fiya-fiyar ta yi wa Baba aiki, ni ma sai in zuba."

Inna ta zame ta zauna a bakin ƙofa, ko kuka ta kasa. Bilya ya tako a hankali, ƙaton mutum mai 'ya'ya uku, ya zauna a ƙasa kusa da turmin, ya sunkuyar da kai yadda ya ga an yi wa Baba.

"Tun safe ban sa wa fuskata ruwa ba," ya ce. "Naja, tsoro nake ji."

Ta leƙa bokitin. Ruwan da ya rage zai cika ƙwarya ɗaya. Ta dubi hannuwanta, ba su daina rawa ba. Ta matse su a tsakanin cinyoyinta, ta ce ya buɗe baki ya yi numfashi ta nan, ya ba ta minti ɗaya.